Kujerar Sabuwar Malama

Anti, ki taimake ni kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani.

Shekarata goma sha tara ina koyar da Turanci, ni ce shugabar sashe a makarantarmu. Duk shekara sai na cika allo da bambancin "bring" da "take", yara su kwafe tsaf, ranar jarrabawa su cakuɗa min su. Bana aka kawo wata sabuwar malama, a haife na haife ta. Ko alli ba ta taɓa ba. Kujera ɗaya ta sa yara suna kawo mata, suna kaiwa bakin ƙofa, ana ƙiiii a siminti, ana shewa. Ina aji na kusa, kaina kamar ya tsage.

Abin da ya fi ci min rai, autana yana ajinta. Yaron da na zaunar ya fi sau goma a kan kalmomin nan, shi ne ya dawo gida yana jan kujera, wai yana koya wa babansa: abu in zai zo wurin mai magana "bring" ne, in zai bar wurinsa "take". Baban har da tafi. Ina gefe ina yanka albasa, ita na ɗora wa laifin hawayena.

Kishi nake, ba zan ɓoye ba. Ranar Alhamis zan miƙa takardar da za a duba a tabbatar da ita a aiki ko a sallame ta. Na riga na rubuta da fensir cewa ba ta iya riƙe aji ba. Ai hayaniyar gaskiya ce, ko?

Mai Jan Biro

Malama, hayaniyar gaskiya ce, kuma kina da hurumin ce mata ta riƙa rufe ƙofa. Zafin da kika ji ma ba abin kunya ba ne, kowace uwa tana so a ce a wurinta ɗanta ya gane.

Amma ki lura, da fensir kika rubuta. Mai jan biro ba ta ɗauko fensir sai in zuciyarta ba ta yarda ba. Kafin Alhamis ki shiga ajin yarinyar nan, ki zauna a baya har a tashi, sannan ki rubuta abin da idonki ya gani. Abincinta ne a hannunki. Kuma kada ki raina zama goman da kika yi da autanki, da su ya shiga ajin.

Ki tuna, in aka sallame ta, shi zai fara tambayarki dalili. Ki rubuta abin da za ki iya karanta masa.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya raya auta.