Katifar Kan Dutse

Inna,

Gaisuwa mai yawa daga Buea. Yaya ƙafarki? Yaya Kwanye da jaririnta?

Albishirinki, na samu aikin dako, ina hawa dutse da baƙi. Lafiyata lau, tarin ma ya kusa tafiya.

Hawan farko, barguna biyu na ɗauka, na shimfiɗa tabarmarki a ƙasa kamar a gida. Na tashi haƙarƙarina ya sandare. Shugabanmu, Mola Ekema, ya yi ta dariya: "Ɗan arewa, a nan ta ƙasa sanyi ke kama mutum!"

Da muka sauko ya ja ni kasuwa. Na so katifar hurawa irin ta baƙi, ya ce tsakuwa za ta huda ta. Ya sa na kwanta kan kowace ta soso a bakin hanya, masu ayaba suna tambaya ko a kawo min matashin kai. Na zaɓi mara nauyi, mai naɗewa.

Yanzu sai an tashe ni. Soso a ƙasa, tabarmarki a sama. Mola ya ce nauyin banza nake ƙara wa kaina. Shi bai san ƙanshin ɗakinki ba.

Ki aiko da yaji. Allah ya bar mana ke.

Ɗanki,
Zra