Sun Ce 'Yata Jawa Ce, Ta Je Ta Yi Aikin Nas

Malam Mukhtaru, don Allah ka agaza mini da shawara, gidana ya rikice.

Ni Bakano ne, direban bas a tashar Kudai, shekarata ashirin da shida a Makka, ina zaune a unguwar Tandabawi. Matata 'yar Indunisiya ce, waɗanda a nan ake kira Jawa. 'Yarmu ta fari ta gama sakandare da maki casa'in da takwas cikin ɗari, ta nemi karatun likita a wata kwaleji mai zaman kanta a Jidda, aka kira ta ganawa. Likitoci uku suka dubi fuskarta, wadda ta uwar ce sak, suka yi mata tambayoyi, tana amsawa kai a sunkuye. Da aka ce ta faɗi abin da ta fi sauran ɗalibai, sai ta ce Allah ne masani. A ƙarshe babbansu ya gaya mata cikin fara'a wai mutanen Asiya akwai hadda da haƙuri, amma ba su iya buɗe baki ba, ta je ta gwada aikin nas.

Ba zan ɓoye maka ba, matata na ɗora wa laifi, na ce jininsu ne. Matar nan kuwa shekara ashirin ban taɓa cin ta a gardama ba, masu kifi a kasuwar unguwar Shisha ma sun san muryarta. Tun ranar ba ta ce mini uffan ba, sai dai ta dire abinci ta wuce.

Saura mako uku a yi wata ganawar a wata kwalejin, amma yarinyar ta ce ba za ta ba, ta zuba littattafanta a kwali. Ban tambaye ta dalili ba. Ka san 'yar fari, ko sunanta ba na kamawa, balle mu zauna hira. Maƙwabcina Rabe ya ce in sa babbar riga da hula in raka ta, su gani da idonsu 'yar Bahaushe ce. Na kai rigar guga. Amma tsoro nake ji, kada burinta ya mutu ina kallo.

Wani uba a Tandabawi

Alhaji, ka mayar da rigar akwati, ba kai za a tambaya ba.

Likitan nan bai yi adalci ba. Ya ga fuska ɗaya ya yanke wa nahiya guda hukunci, kuma da ɗiyar ɗan ƙasarsu ce ta sunkuyar da kai haka, da ladabi zai kira shi. Sai dai akwai gaskiya ƙwaya ɗaya a zancensa: likita dole ta dubi mara lafiya ta yi magana a ji.

To wa ya koya mata sunkuyar da kai gaban manya? Wa ya koya mata yabon kai abin kunya ne? Wannan tarbiyya daga Kano ka taho da ita, kuma mai kyau ce a zaure. A ɗakin ganawa ce ta cuce ta. Baƙo ya yi wa matarka kuɗin goro, kai da ka zauna da ita shekara ashirin ka sa hannu.

Ka fara ba ta haƙuri yau, ba ta bakin ɗan aike ba. Sannan ka roƙe ta ta riƙa titsiye yarinyar da tambayoyi kullum har ranar, tunda ka shaida ta iya. Kai ma ka zauna a wurin, yarinyar ta amsa tana kallon idonka. Idan ta iya wannan, likitoci uku ba komai ba ne.

Ba na yi maka alkawarin za a ɗauke ta, masu irin wancan tunani suna da yawa. Amma kafin ta tafi, ka jingine alkunya ka gaya mata da bakinka cewa ta iya. Shekara goma sha takwas ba ta ji haka daga ubanta ba, ta ina za ta iya gaya wa baƙi?

Allah ya ba ta sa'a, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarta.