Ni Na Huda Kwaltar Banɗakin Yaya

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a ji ni har ƙarshe kafin a zage ni.

Hannunsa na fara gani. Na hau bene da tiren shayi, na tarar da shi a durƙushe a banɗakin Yayata a Samaru, ya naɗe hannun riga yana shafa kwalta mai zafi a ƙasa, a hankali kamar mai zana lalle. Sunansa Iliya, mai tayil ne daga Sabon Gari, mijin Yaya ya ɗauko shi ya gyara wurin shawa. Ni kuwa lokacin na gama sakandare, ba ni da aiki sai hayar littattafan soyayya, kuma a cikinsu duk wanda ya ɗago kai ya yi murmushi, shi ke nan an gama. Ya ɗago, ya ce, "Sannu ƙanwata." Wallahi iyakar abin da ya taɓa haɗa mu ke nan, sauran ni na ƙaga a raina.

Kullum ina raɓe a ƙofa yana min bayani. Ya ce tayil ado ne kawai, kwaltar da shimfiɗar robar da ke ƙarƙashi su ke tare ruwa. Ya toshe rariya, ya cika wurin da ruwa ya kwana, ko ɗigo bai sauka ƙasa ba. Sai ya ce gobe zai zuba siminti ya jera tayil, aiki ya ƙare. Ya ƙare? Ya tafi ke nan? Da ya fita na zare kibiyar kitso daga kaina, na huda shimfiɗar a lungun rariya. A haukata, da safe zai sake gwadawa, ya ga yoyo, ya ƙara kwanaki. Me zai sa ya sake gwada abin da ya riga ya gwada? Washegari ina tsaye da tire ya rufe wurin da siminti.

Ɗakin Hajiya, mahaifiyar mijin Yaya, shi ne a ƙasan banɗakin. Bayan wasu watanni bango ya yi baƙi, fenti ya kumbura, rannan tana sallar walha ruwan banɗaki ya ɗiga a kan dardumarta. Aka kira Iliya. Ga shi ya dawo kamar yadda na so! Mijin Yaya ya tsayar da shi a gaban maƙwabta, ya kira shi macuci, mai aikin ha'inci. Iliya ya fasa tayil ɗin da hannunsa, ya kai lungun, ya daɗe yana kallo. Ya waigo ya dube ni, ya dubi kaina, sannan ya ɗora babban yatsa a kan hudar ya ce, "Laifina ne, Alhaji. Zan gyara."

Ya gyara, amma mijin Yaya bai bar gidan abokinsa ko ɗaya ba sai da ya kai labarin. Daga Samaru har Shika ba wanda ya sake ba shi aiki.

Na yi aure, na haihu, na bar karatun littattafan. Satin jiya na raka maigidana Sabon Gari sayen tayil, sai ga Iliya a shagon wani Inyamuri yana dakon kwalaye, furfura ta fito masa. Maigidana ya tambayi mai shagon ko yana da mai sa tayil, mai shagon ya nuna Iliya, ya ce hannunsa na da kyau. Maigidana ya ce a'a, ya san labarinsa a gidan surukai. Iliya ya ji. Ya sa mana kaya a mota, ya leƙo ta taga ya ce, "Ƙanwata, ya su Hajiya?"

In na faɗa, da wane ido zan dubi maigidana in ce masa don wani namiji na yi? In na yi shiru, kwali zai ci gaba da ɗauka. Jama'a, ku gaya min, yaya zan yi?