Yatsu Uku Daga Bindigar Mahadi

Umdurman,
Rajab, 1443

Zuwa ga aminina Mahadi Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da ɗiyarmu Rahmatu da maigidanta da yara. Yaya Madina, yaya kuma gwiwar nan taka? Mu nan sai godiya. Uwargida Barira tana gaishe ka, ta ce in tambaya ko har yanzu kana zuba sukari a shayi kamar mai gaba da haƙoransa.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Ai ina kira. Kai ne kake cika ni da alhamdu lillahi har layi ya yanke ban faɗi abin da ke raina ba. Shi ya sa yau na ture butocin jabana na dafa gahawa da nake ƙerawa gefe guda, na zauna a bakin rumfa ina rubutu. Wani mai tafiya umara zai kawo maka.

Ban fasa zuwa nadi, kulob ɗinmu na harbi, ba. Kowace Juma'a in an sauko, in hau raksha mai ƙafa uku zuwa tasha, in shiga mota mu ƙetare kubri, gadar nan, zuwa Khartum, jakar bindiga a cinyata. Kwandasta har yanzu yana yi mini kallon ɓarawon shanu, ni kuma har yanzu ina rantse masa cewa iska ce kawai a cikinta da ƙwayar dalma, ko zakara ba ta kayarwa sai ya ga dama. Da kai ne mai yi masa wannan bayani, kuma ka fi ni iya ƙarya.

Nadin yana nan yadda ka bar shi. Fanka ɗaya ta mutu, Kabtin Uthman mai horar da mu ya ƙara tumbi, takardun saiti suna can a mita goma suna jiran wanda zai huda musu tsakiya. Abin da babu shi ne fuskarka. Ka tuna yadda ake yi mana dariya? Kowa a layi bayan maƙwabcinsa yake kallo, sai ni da kai. Ni na dama, kai bahago, kana tsaye a damana, sai mu fuskanci juna kamar masu cinikin akuya. Shekara talatin da wani abu ina ɗaga bindiga ina ganin gemunka. Yanzu ƙeyar wani ma'aikacin banki nake gani, kuma wallahi ba ta da fasali.

Amanarka tana ƙarƙashin gadona. Ina fito da ita in goge bututun, in ɗiga wa fatar cikin mai don kada ta bushe, in shafa wa katakon man da ka bari. Ban taɓa harba ta ba. Wurin da kuncinka yake kwanciya ya yi baƙi sumul, har yanzu yana ƙanshin sandal ɗinka. Barira ta ce ko ita ban taɓa lallashinta haka ba.

Ka ce mini wata uku za ka yi, ka yi umara ka ga jikoki ka juyo. Ga shi azumi na biyu yana ƙaratowa. Ba ƙorafi nake ba, tambaya ce. Ina kewarka, ya zol, mutumina, kuma ka san ba ni da saurin faɗin irin wannan.

Af, wani ɗan ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa mini a idon dama ina wasa bakin buta. Ba wani abu ba ne, ana sa magani.

Ka yi mana addu'a a Rauda.

Naka,
Mika'ilu


Umdurman,
Sha'aban, 1443

Aminina Mahadi,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa yana lafiya. Na ji saƙonka a wayar Barira, na kuma ji faɗan da ka yi mini kan rashin sa tabarau a wurin aiki. Ka yi gaskiya, sai dai gaskiyar ta zo a makare.

Idon ya tafi, Mahadi. Ba duka ba, ina gane haske da duhu, amma in na kanga shi a ramin saiti sai baƙin ɗigon nan ya narke kamar an zuba masa ruwa. Likita ya ce tabon a tsakiya yake, sai haƙuri. A rumfa bai dame ni ba, hannuna ya san aikinsa. A nadi ne na gane abin da na rasa. Na harba, na harba, Kabtin Uthman ya jawo takardar ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Ya Ammu, baffana, kai dai ba ka cuci takardar nan ba." Aka yi dariya, ni ma na yi. A mota kuwa ban yi ba.

Shi ne ya ce in koma kafaɗar hagu, tunda idon hagu garau yake. Ka ji ikon Allah. Ni da na shekara talatin ina tsokanarka cewa da hannun tsarki kake harbi, yau ni ne nake koyonsa da furfurata. Ƙafafuna sun rikice, kuncina bai san inda zai kwanta ba, yatsan hagu kuma ba shi da kunya, fizgar kunama yake kamar mai cire ƙaya. Bindigata ma ta ƙi ni. Mariƙinta na hannun dama ne, tudun kuncin yana wancan ɓarin. Na naɗa tsumma, ya zame. Na kai wa wani kafinta a kasuwa ya yi mini sabon gindi, ya kawo mini wani abu da Barira ta karɓe ta ce zai yi mata dakan yaji.

A nan ne zan nemi afuwarka. Ran Juma'ar da ta wuce na ɗauki taka na kai nadi. Ka san duk Khartum babu irinta, tunda da hannunka ka sassaƙa gindin daga maɗaci lokacin da aka rasa ta bahago a kanti. Ina ɗora ta a kafaɗa sai kuncina ya faɗa wurin naka kamar dama ni ake jira. Sai da na sauke ta na yi kamar ina gyara takalmi, don kada a ga idona.

Amma kai Dogo ne, ni kuwa ka san yadda Allah ya yi ni. Gindin ya yi mini tsawo, da ƙyar kan yatsana yake taɓa kunama. Uthman ya auna da hannunsa ya ce yatsu uku ne suka yi yawa, a sa zarto a rage, in shiga gasar dattawa da za a yi bayan ƙaramar salla. Na ce masa bindigar tana da mai ita, kuma mai ita yana hanya. Ya miƙo mini ita da wani kallo da ba na so.

Na mayar da ita ƙarƙashin gado yadda take. Ba izini nake nema ba, kada ka fahimce ni a karkace. Labari nake ba ka don ka san ana son taɓa maka kaya, ka yi sauri ka dawo. Gasar ta wuce ni bana, ba komai. Ka zo kai ka harba, ni in zauna a benci in riƙe maka gwangwanin dalma in riƙa kushe ka.

A gaida Rahmatu da yara. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Naka,
Mika'ilu


Umdurman,
Ramadan, 1443

Mahadi,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya ƙishirwa? Ina fata kuna lafiya.

Na ji saƙonka. Na sa Barira ta maimaita mini shi har ta gaji. "Ka yanke, Mika'ilu, ta zama taka." Shi ke nan abin da ka iya faɗa? Bindigar da ko ɗanka ba ka yarda ya ɗauka ba, wadda ka taɓa fasa zuwa ɗaurin aure saboda an bar ta a rana, ita ce yau kake cewa a sa mata zarto kamar icen girki? Ban roƙe ka kyauta ba. Na fi son ka zage ni ka ce kada in kuskura, da na san kana tafe.

Sauran kuma ba daga bakinka na ji ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Rahmatu ce ta gaya wa Barira cewa takardun zamanka sun fito, kuma kullum bayan asuba sai ka tsaya a bakin maƙabartar Baƙi'a kana cewa nan kake roƙon Allah ya ajiye ka.

Me zan ce? Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a Jazira, suka tsaya tsinkar auduga. A gonakin nan aka haife mu, a nan muka koyi saiti da danƙo muna korar tsuntsaye daga dawa. Kai ka ƙarasa musu tafiyar. Wane Musulmi ne zai ce ka baro maƙwabtakar Manzon Allah ka dawo saboda huda takarda? Ba ni ba. Na sani sarai. Amma zuciyata ba ta da ilimi, Mahadi, fushi take yi, kuma da azumi a bakina nake gaya maka.

Ba zan yanke ba.

Mika'ilu


Umdurman,
Shawwal, 1443

Zuwa ga aminina, ɗan'uwana Mahadi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da salla, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Ka yafe mini zafin takardar da ta gabata, ko da yake ban janye ko kalma ɗaya ba.

Na yanke.

Barira ce ta jawo. Ta gan ni ina goge bindigar zan mayar ƙarƙashin gado, ta tsaya a kaina da tsintsiya ta ce, "Malam, shi yana can yana ibada, kai kana nan kana gadin gawa. Ko ka harba ta ko ka ba ni wurin in share." Na ƙi taɓa bindigar har washegari, don ta san ni ma namiji ne. Daga nan na ɗauki bindigar na tafi rumfa.

Ban ba kowa ba, ni na yi da hannuna. Na auna yatsu uku, na ja layi, na nemo zarto mafi siririn haƙori a layin kafintoci don kada ya ci katakon da yawa. Da ya shiga, sai ƙanshin maɗaci ya tashi sabo fil, irin na ranar da kake sassaƙa ta a ƙofar gidanku a Hilla Kuku kana korata don ina tare maka haske. Na dakata na daɗe kafin in ƙarasa.

Ranar gasa dattawan ba su da yawa, amma kowa ya zo da cika baki. Uthman ya nuna mini wurinka. Na tsaya, na juya hagu, na ɗaga bindiga. Sai ga ni ina fuskantar wurina na da. Ashe abin da kake gani ke nan duk shekarun nan. Akwai taga a bayan wurin, da bishiyar maina, da ɗan yankin Bahar, babban kogin nan, yana ƙyalli can nesa. Ni ban taɓa sanin ana hango ruwa daga nadin nan ba, na ba shi baya tun muna da baƙin gashi, kai kuma ba ka taɓa gaya mini ba. Babu kowa a wurin. Uthman ya bar shi haka, ban tambaye shi dalili ba.

Harbin farko ya tafi yawonsa. Na biyu ma haka. Sai na tuna abin da kake cewa, a bar numfashi ya fita rabi, kada a ja kunama, a matsa ta a hankali har ita ta gaji. Na kwantar da kunci a baƙin wurin nan naka, na bar ta ta yi abin da ta saba. Wallahi ta fi ni sanin hanya. Na zo na huɗu. Kada ka yi dariya, akwai mutum biyu a bayana, kuma dukansu da idanunsu bibbiyu. Sau ɗaya na huda tsakiya cif, na juyo don in ga yadda za ka taɓe baki. Daga nan sai da Uthman ya ba ni hankici.

Na sa takardar saitin a cikin wannan ambulan, ka nuna wa jikoki. Guntun katakon kuwa ba zan aiko ba, ko ka tambaya.

Ka san ni maƙeri ne. Kafin in sa zarto sai da na huda ramuka biyu tun daga ƙarshen gindin har ciki, na ƙera musu dogayen kusoshi masu zare na tagulla. Na gwada. In aka mayar da guntun aka ɗaure, sai mai neman rigima ne zai ga layin, tsawonka yana nan daidai. Na naɗe shi a ƙyalle, yana cikin jakar bindiga tare da sukudireba, kowace Juma'a da shi nake ƙetare kubri.

Ba na ce ka dawo ba. Zauna inda Allah ya zaunar da kai, ina taya ka roƙon abin da kake roƙo, ko da yake bakina yana nauyi wajen cewa amin. Amma in wata rana ka ji marmarin ful, dafaffen waken kasuwarmu, ko ka zo ganin kabarin iyaye, ka sani yanzu bahagwai biyu ne da bindiga ɗaya. Sai mu riƙa karɓa-karɓa. Ɗaure guntun ba ya ɗaukar lokacin da za ka shanye shayinka.

Barira tana gaisuwa. A shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Mika'ilu Bahago