Hulunan da na ce a zubar, ga su a kan 'yan acaɓa

Anti Hansatu, don Allah ki ba ni shawara, raina a ɓace yake, ko abinci ba ya min daɗi.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Abuja, amma duk Asabar ina koyon haɗa hular kwano da zaren faiba da na kabon, wasu zaruruwa masu ƙarfi da rashin nauyi. Ana shimfiɗa zaren ne a cikin mazubi, a rufe da leda, famfo ya zuƙe iskar tas, sannan ruwan rezin, wani irin danƙo, ya ratsa zaren ya daskare. In ledar ta huje ko da kamar tsinin allura ne, ko aka ɗauke wuta ana tsaka da aiki, shi ke nan, wani wurin ba zai jiƙu ba. Irin wannan hular tana buguwa za ta dare. Ni kuwa ɗan koyo ne, lalatattun sun fi masu kyau yawa.

Abokina Dominic, mai fentin mota a Nyanya, shi ya ba ni lungu a garejinsa. Mutumin da yaransa ke ce min kawu, Anti! Duk hular da ta lalace sai ya ce in bar masa, zai haɗa da shara.

Makon jiya na hau acaɓa a Masaka, sai ga hular mai babur ɗin dab da fuskata, baƙa wuluk tana sheƙi. A ƙeyarta akwai wata 'yar loɓa da na sani sarai, don daga mazubina take. Ina sauka na shiga bin diddigin maganar. Ashe Dominic cike lalatattun yake da fila, ƙullin nan da ake toshe loɓar mota da shi, ya fesa fenti, ya sayar a matsayin kabon na gaske. Da na tare shi ko musu bai yi ba, dariya ma ya yi, wai mu 'yan ofis mun cika tsoro, ai gara wannan da kai ba komai. Na ji ciwo ƙwarai, ya ci amanata. In kwashe kayana ne? Ba ni da wani wurin fa.

Mai koyo, Nyanya

Ɗan'uwa, ɓacin ranka yana kan hanya. Dominic ya yi maka ƙarya, ya yi wa masu saye. Sai dai ban ɗauka mugunta ce ba. Mai fenti ne, a wurinsa abin da ya yi sumul ya gyaru, kuma da gaske ne da yawa suna tuƙi kai ba komai. Abin da bai gane ba, wanda ya yarda da hularsa ya fi sakin jiki a titi.

Ka kira shi ku biyu kawai, ka ajiye lalatacciyar hula ɗaya a ƙasa, ka miƙa masa guduma ya buga da hannunsa, ya ga yadda za ta dare. Daga nan ku je Masaka tare, ku sami shugaban 'yan acaɓan, a karɓo hulunan, Dominic ya mayar wa kowa haƙƙinsa. In Dominic ya ƙi, ka tafi kai kaɗai, sannan ka kwashe kayanka ko da aikin zai tsaya. Nan gaba kuma duk wadda ta lalace ka farfasa ta kafin ka bar wurin.

Maganar abotarku ku yi ta daga baya. Kada ka jira Asabar, don gobe da safe mutanen nan za su sake hawa titin Keffi suna ganin kansu a kare yake. Allah Ya tsare su, Ya huci zuciyarka.