Ƙarfen da Kuka Bari a Bayan Ramlatu

Zuwa ga Alhaji Shugaban gidauniyar da ta kawo likitoci bara suka yi wa yara aikin ƙashin baya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ban ambaci sunan gidauniyarka ba, don ba tozarta ka na fito yi ba, kuma ka san da kai nake. Sunana Habibu, bakanike ne ni a Ruwan Godiya, ina gyaran injin niƙa da na ban ruwa. Ni ne mahaifin Ramlatu, yarinya 'yar shekara tara da likitocinku suka sa wa ƙarfe a baya. Sau uku ina kai takarda ofishinku, ko ta gaisuwa ba a maido min ba, shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

An haifi Ramlatu da ƙullutu a gadon baya, ƙashin wurin bai haɗe ba. Aka rufe shi tana jaririya, Allah Ya raya ta, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ta ji, ba ta kuma tafiya. Tana girma bayan yana tanƙwarewa, har ya zama ƙusumbi mai tsini wanda fatar kansa ke tsagewa in ta jingina. Ba ta zama sai ta dafa ƙasa da hannu biyu, don haka ko tuwo sai an ba ta a baki. Bakin kuwa ba a magana, ita ce mai ba kowa amsa a gidanmu, har da ni.

Da wakilinku ya zo, a gaban mai unguwa ya ce aikin kyauta ne, kuma ba za ku yi aiki ku juya baya ba, likitoci za su riƙa dawowa suna duba yaran har su warke. Da ya ga ƙauyuka sun san ni saboda injuna, sai ya roƙe ni in taya ku neman irin waɗannan yara. Na hau babur na shiga Tafoki, na zaga ƙauyukan Ƙanƙara, na je har Sabuwa, a hanyoyin da ko direban haya sai ya yi addu'a kafin ya bi. Na zauna da iyayen da ko maƙwabta ba su cika ganin 'ya'yansu ba, na rantse musu cewa ku mutanen kirki ne. Don su yarda, sunan 'yata na fara rubutawa.

Ga abin da ya biyo baya, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, gaskiya ɗaya ce, aikin ya yi kyau. An cire ƙashin da ya tanƙware, an miƙar da bayan da sandunan ƙarfe biyu da kusoshi. Ranar da Ramlatu ta zauna ba dafa ƙasa, ta kai loma baki da hannunta, fita na yi bayan ɗaki na yi kuka. Ba zan ɓoye wannan alheri don ina fushi ba.

Na biyu, takardar sallama. An karanta mana ita da Hausa, aka ce in yarinya ta ce tana jin ciwo a wurin ɗinki mu maido ta. Alhaji, yarinyar da ko ƙaya ta soke ta a ƙafa sai dai a ga jini, ta yaya za ta ce tana jin ciwo? Takardar da ake ba kowa aka ba mu, ba wanda ya tsaya ya tuna wace ce aka yi wa aikin. Mu kuma muka riƙe maganar likita tamkar karatu. Kullum safiya babarta sai ta tambaye ta ko da ciwo, ta ce babu, mu yi hamdala. Da aka fara ganin danshi a zanenta sai muka ɗauka fitsari ne, tunda ba ta iya riƙe shi. Wannan laifin namu ne, kuma yana cina har gobe. Sai da zazzaɓi ya kayar da ita, wari ya tashi, sannan muka gane mugunya ce ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashin ɗinkin.

Na uku, lambar wayar da kuka ba mu, wai mu riƙa turo hoton ciwon. Wanda ya tsara haka bai taɓa neman sabis a gefenmu ba. Duk da haka na hau tudu na tura, na sake turawa, ba amsa. Daga baya lambar ta daina shiga. Na je ofis aka ce wakilin ya bar aiki, shirin na bara kuma an rufe shi. An rufe shi a takarda, amma bayan 'yata a buɗe yake.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Yanzu Ramlatu tana wani babban asibiti, kwance rub da ciki, wata na huɗu ke nan. Sau biyu ana shiga da ita tiyata ana wanke ciwon, an yi mata allurai har jijiyoyin hannunta sun ɓuya. Likitan da ke duba ta ya ce ƙwayar cuta ta kama jikin ƙarfen, magani ba ya kai mata, dole a cire shi ko a canza. Sai dai kan kusoshin da kuka ɗaura ba ya shiga kowane abin kwancewa da suke da shi. Likitocinku sun zo da nasu a akwati, sun koma da shi. Bayanin aikin ma, wanda zai nuna irin ƙarfen da kamfanin da ya ƙera shi, ba a bar wa kowa ba.

Wannan kam fannina ne. Kowane noti da sifanarsa. Ni da ban yi boko mai zurfi ba, ban taɓa ɗaura wa mutum baƙon noti a inji in tafi ban bar masa abin kwance shi ba, don na san wata rana zai nema ba na kusa. Injin niƙa ke nan. Yaya ƙwararru za su yi wa 'yar mutum abin da ni ba na yi wa ƙarfe? Ran nan da ake canza mata bandeji na ga kan kusa ɗaya ya leƙo ta cikin naman. Na koma gida na zazzage akwatin kayan aikina ina dubawa, alhali na san shirme nake yi.

Na biyar, kalandarku ta bana. Na gan ta a wani kantin magani a Faskari, ga Ramlatu zaune tana dariya, an rubuta a ƙasa cewa ta samu sabuwar rayuwa. Mai kantin har barka ya yi min. Iyayen da na kai muku 'ya'yansu kuwa ba barka suke min ba, tambaya suke yi: in nasu ya ɓaci, ina za su nufa? Ni na ja su, da bakina da rantsuwata, kuma ban taɓa jin an ci amanata kamar wannan karon ba.

Ba kuɗi na zo nema ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ga abin da nake roƙo:

1. A aiko wa likitan Ramlatu cikakken bayanin aikin da aka yi mata, da abin kwance kusoshin, ko aro ne.

2. A nemi sauran yaran Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a duba bayansu da ido, kada a jira su ce suna jin ciwo. Na san gidan kowannensu, zan raka ku.

3. A gyara takardar sallamar nan kafin a miƙa ta ga wani uban, a gaya wa iyaye su duba ɗinki kullum, su lura da danshi da wari da zafin jiki.

4. A sauke hoton 'yata har sai ta sake zama.

Alhaji, likita ya ce ba zai iya jira ya wuce mako biyu ba. In abin kwancewar bai zo ba, yanka ƙarfen za su yi a jikinta guntu-guntu, aikin zai daɗe, jini zai zuba da yawa, kuma bai ɓoye min ba cewa yadda ta rame ɗin nan ba shi da tabbacin za ta ɗauka. Abin da zai raba ta da wannan bai fi tsawon tafin hannu ba, yana kwance a akwatin wani da kai kaɗai ka san inda yake.

Allah Ya ƙara maka lafiya da arziki, Ya raya maka zuri'a, kada Ya nuna maka ranar da za ka tsaya a kan ɗanka kana neman abin da waya ɗaya za ta kawo. An riga an ba ni takardar amincewa da yankan. Tana aljihuna, ban sa hannu ba tukuna, ina jiran ka.

Wassalam.

Habibu Bakanike,
Ruwan Godiya.