Allon da Ka Bari Rabi, Yaya Sabi'u

Assalamu alaikum Yaya Sabi'u. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan duk inda kake kana cikin kariyar Allah.

Tun ranar da 'yan bindiga suka tare motarku a hanyar Tamawa ba mu ji muryarka ba. Waɗansu da aka kwashe tare da kai sun dawo, kowa da labarinsa, babu wanda ya iya cewa ga inda aka yi da kai. Shi ya sa nake rubuta maka a nan, inda kowa zai gani.

Shagonka na Dutsin-Ma yana nan yadda ka bar shi. Allon da wani Alhaji mai maganin dabbobi a Kurfi ya ba ka ka rubuta masa na shago yana jingine da bango. Ka rubuta MAGANIN, ka tsoma burushi a kananzir, ka fita. Wurin DABBOBI babu komai a kai.

Ka san haruffan nan naka, masu kauri, kowanne da faffaɗan takalmi a ƙafa da hula a kai. Kullum ina tsokanarka cewa fenti kawai kake ɓarnatarwa. Kai kuma ka ce, "Harafin da ba shi da takalmi ba ya jure rana." Ka ce makiyayi daga nesa yake hango allo, yana tafe yana kora shanu, ba shi da lokacin matse ido. Gaskiyarka. Allunanka na hanyar Makera sun koɗe, amma har yau ana karanta su daga kan babur.

To yanzu Alhaji ya matsa. Damina ta kawo kai, makiyaya sun fara dawowa, shagonsa ba alama. Bai yi rashin mutunci ba, ya yi haƙuri iyakar yi. Ya ce ko dai a cika, ko ya ɗauka a shafe da farin fenti a liƙa masa bugun kwamfuta. In aka shafe, aikin hannunka na ƙarshe ya tafi.

Inna kuwa ta hana a taɓa. A wurinta, duk wanda ya cika allon nan ya yi maka zaman makoki. Kwana da kwanaki ina tsakaninsu, in ga kiran Alhaji in ba shi haƙuri, in shiga gida in kasa haɗa ido da ita. Ni tela ne, Yaya, almakashi na sani. Ina tsoro, kuma na gaji da ɓoyewa.

Yau da hantsi ta sa na kai ta shagon. Ta daɗe tsaye tana shafa ƙafafun haruffan da yatsa. Sannan ta ce in cika, amma da alli, kada fenti ya hau. Ta ce in ka dawo ka goge ka yi naka.

Na cika. Takalman sun karkace, za ka yi dariya. Alhaji ya yarda zai kafa shi haka, ya san ruwan farko zai wanke.

Allah ya sassauta zukatan waɗanda ke riƙe da kai, ya kawo mana kai da ƙafarka. Ka yi sauri, Yaya, hadari ya fara haɗowa ta gabas.

Ƙaninka,
Nura